Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa ake yi a sama?

Mai tambaya, Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar jirgin sama. Mahaifiyarmu za ta tafi Umra a watan Janairu idan Allah ya kai mu, kuma jiya wakilin da ke shirya musu tafiya ya turo mini tikitinta a waya. An rubuta cewa jirgi zai tashi daga Kano ƙarfe 1:00 na rana ya sauka Jidda ƙarfe 8:20 na dare, wanda a lissafina awa 7 da minti 20 ke nan. Da na duba na dawowa sai na ga tashi daga Jidda ƙarfe 8:00 na safe, sauka a Kano ƙarfe 11:30 na safe, awa 3 da rabi kacal. Na rasa yadda za a yi hanya guda ta yi tsawo a tafiya ta gajarce a dawowa. Abin da ya sa na damu shi ne Hajiya tana fama da ciwon suga da ciwon gwiwa, tana shan magani a kan lokaci, kuma tun da ta ji an ce awa bakwai ta rantse ba za ta sha ruwa ba a ranar, don kada ta buƙaci banɗakin jirgi.

Ɗalibi, Kashere:
Wa alaikumus salam, Yaya. A fahimtata juyawar duniya ce ta kawo wannan bambanci. Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, saboda haka idan jirgi ya nufi Jidda kamar yana bin garin ne shi kuma garin yana gudu, idan kuma ya juyo, Kano ce take tahowa ta tarye shi. Allah ne masani, amma haka na taɓa jin wani yana bayani.

Malamin lissafi, Kumo:
Ɗana na Kashere ya yi ƙoƙari, amma maganar ta fi haka sauƙi, kuma a kan agogo take. Kowane tikitin jirgi yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa 2. Lokacin da Hajiya za ta sauka Jidda ƙarfe 8:20 na dare, a nan Gombe ƙarfe 6:20 ne na yamma, ana shirin Magariba ko an idar. Tafiyar ke nan awa 5 da minti 20. A dawowa kuwa, ƙarfe 8:00 na safe a Jidda ƙarfe 6:00 ne a wurinmu, daga nan zuwa 11:30 kuma awa 5 da rabi. Ka ga ashe dawowar ce ma ta fi tsawo da minti 10, saɓanin abin da ido ya fara gani.

Asalin awa biyun nan ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Duniya tana zagaye digiri 360 a cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, ko minti 4 a kowane digiri. Kano tana wajen digiri 8 da rabi a gabas, Jidda tana wajen digiri 39, tsakaninsu kusan digiri 30. Irin wannan ne muke gani a ƙarami duk watan azumi, lokacin da mu a Gombe muka riga muka sha ruwa amma mutanen Sakkwato suna sauran minti ashirin ko fiye.

Game da cewa ƙasa tana gudu a ƙarƙashin jirgi kuwa, iskar da jirgin yake ciki tare take juyawa da ƙasar. Ɗana, ka shiga motar Bauchi ka jefa lemo sama tana cikin gudu, a hannunka zai faɗo, ba zai doki gilashin baya ba. Da ba haka ba ne, da mai son zuwa Dakar sai ya tashi sama a jirgi mai saukar ungulu ya tsaya cak yana jira a kawo masa garin.

Ɗalibi, Kashere:
Na karɓi gyara, Malam, Allah ya ƙara basira. Sai dai akwai abin da ya rage mini. Na duba a taswirar waya na ga tsakanin Kano da Jidda kilomita 3,400 ne da 'yan kai idan aka ja layi miƙe. Idan babban jirgi yana gudun kilomita 850 a awa, raba wannan da wancan awa 4 ke nan. Ina sauran awa ɗaya da minti ashirin suka shiga?

Malamin lissafi, Kumo:
Rabawarka daidai ce, kuma a nan iyakar allona ta tsaya. Akwai wanda ya yi aiki a hasumiyar filin jirgi a cikinmu, shi ya kamata ya karɓa.

Tsohon ma'aikacin hasumiya, Tumfure:
Allah ya gafarta Malam, ai ka riga ka share fagen. Zan ɗora daga inda ka tsaya, kuma a yi mini haƙuri idan na tsawaita, don a wannan aiki na yi furfura.

Abu na farko, lokacin da ake rubutawa a tikiti ba lokacin shawagi ba ne zalla. Ana fara ƙirga shi daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda yake a ajiye, ana kuma rufe shi a sa'ar da ya tsaya a mazauninsa a can. Duk jan ƙafar da zai yi zuwa bakin titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, da layin da zai bi idan ya tarar da wasu jiragen a gabansa, duk suna ciki. A filin jirginmu na Gombe da ke Lawanti wannan bai taka kara ya karya ba, domin sau da yawa jirgi ɗaya ne a filin gaba ɗaya. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kuwa wata duniya ce, musamman a lokacin Umra, inda jirgi kan iso a ce masa ya rage gudu ko ya zaga ya jira a ba shi layi.

Na biyu, gudun kilomita 850 ɗin da ɗanmu ya yi lissafi da shi, jirgi ba ya kai shi sai ya hau can sama, wajen ƙafa 35,000 ko fiye, inda iska ba ta da kauri. Hawan nan kan ci minti ashirin zuwa rabin awa idan jirgin ya ɗauko kaya da mai sosai, saukowa ma haka, kuma a duka biyun gudun bai kai na sama ba. Shi ya sa lissafin rabawa ya fi yin ƙarya a gajeriyar tafiya. Ku ɗauki Gombe zuwa Abuja, wadda ba ta wuce kilomita 420 da kaɗan ba ta sama. Da allo za a bi, rabin awa ne. Amma duk wanda ya taɓa hawa ya san kusan awa guda ake yi, saboda kafin jirgi ya gama hawa ya daidaita, har an fara sanar da shirin sauka.

Na uku, wanda mutane ba su cika sani ba, sama ma tana da tituna. Jirgi ba ya ɗaukar saiti ya miƙe yadda tsuntsu yake yi. Akwai hanyoyi da aka tsara masu tashoshi da sunaye, kuma kowane yanki na sararin samaniya yana da masu kula da shi. Na Najeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa. Miƙaƙƙiyar hanyar Jidda daga wajenmu ita ce a fita daga hannun Kano a shiga hannun Injamena a ƙasar Cadi, daga nan a shiga na Khartum a ratsa Sudan, a tsallaka Bahar Maliya a faɗa hannun Jidda. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofin ta rufe, dole a yi zagaye, zagaye kuwa mai ne da lokaci.

Alhaji ɗan kasuwa, Tudun Hatsi:
Wannan magana ta ƙarshe ni ganau ne. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe samaniyarta, ana sauran 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Na taɓa zuwa kafin wannan shekarar, kuma abin da na sani shi ne ka ci abinci, ka ɗan runtsa, ka farka ana cewa a ɗaura bel. A 2023 kuwa mun ci, mun yi barci, mun farka, mun sake zama har ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga. Na duba agogona da muka sauka, mun doshi awa bakwai. Har kuɗin kujera sai da maganar ta taɓa, domin kamfanonin jigila sun ce man da za su ƙona ya ƙaru.

Amma ni ina da ƙorafi a kan wannan lissafin naku baki ɗaya, da na Malam da na mutumin hasumiya. Kuna ta auna minti goma da minti ashirin a sama, alhali wahalar tafiya a ƙasa take. A waccan shekarar kwana biyu muka yi a sansanin alhazai ana ce mana jirgi yana hanya. Tsohuwar da ke kusa da masaukinmu ta cinye guzurin dambun naman da ta yi niyyar kaiwa Makka tun ba ta ga ƙofar jirgi ba. Sannan ina zargin kamfanoni da gangan suke ƙara lokaci a tikiti, don idan sun makara su ce sun iso a kan kari. Ɗan'uwa mai tambaya, ka bar ƙirga awa biyar. Ka ƙirga daga sa'ar da Hajiya za ta fita ƙofar gida a Jekadafari zuwa sa'ar da za ta ajiye jaka a masauki a Makka.

Tsohon ma'aikacin hasumiya, Tumfure:
Alhaji, zarginka yana da ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Kamfanoni suna barin rara a jadawalinsu. Sai dai ban yarda duka wayo ba ne. Jirgin da ya sauke ku shi ne zai kwashi wasu bayan awa ɗaya ko biyu, kuma an riga an ba shi lokacin sauka da na tashi a filin da ke cike. Idan aka tsara jadawali a kan ranar da komai ya tafi daidai, ranar da iska ta juya sai jinkirin ya bi jiragen yini guda yana rushe su ɗaya bayan ɗaya. Rarar ita ce ke shanye wannan.

Tunda na ambaci iska, ita ce amsar minti goman da Malam ya gano tsakanin tafiya da dawowa. Jirgi yana iyo ne a cikin iska kamar kwalekwale a kogin Gongola: mai bin ruwa da mai haurawa ƙarfin tuƙinsu ɗaya, amma ba sa isa lokaci ɗaya. A watannin sanyi akwai iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas ta saman Masar da arewacin Saudiyya, tana tura mai zuwa Jidda tana kuma tare mai dawowa. Kada a haɗa ta da iskar hunturun da muke ji a ƙasa, wadda take zuwa daga arewa maso gabas, domin abin da ke kaɗawa a doron ƙasa daban yake da na ƙafa 35,000. Da damina kuma lamarin kan juya a yankinmu, iskar sama ta riƙa zuwa daga gabas, mai dawowa gida ya samu mai tura shi. Iskar da ke gudun kilomita 50 a awa kawai, idan ta tare jirgi tsawon tafiyar nan, ta ci masa kusan rubu'in awa.

Abin da ni zan fi jin tsoro a Janairu shi ne hazo. Idan ƙura ta sauko Kano har matuƙi ba ya hango titi daga nisan da doka ta gindaya, jirgin da zai ɗauke su ma ba zai sauka ba, balle a yi maganar tashi. Na sha ganin fasinjoji suna zagin ma'aikata a kan wannan, alhali babu mai iko da shi sai Allah.

Dattijo, Bajoga:
Ina karanta ku tun ɗazu jikana yana taya ni, kuma na ce sai na sa baki. Hanyar da ɗanmu na hasumiya ya zana, Cadi, Sudan, Bahar Maliya, ai ita ce hanyar kakanninmu, sama kawai aka mayar da ita. Nan kusa da mu Burmi take, inda aka yi yaƙi da Turawa a 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada yana kan hanyarsa ta gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa. Mahajjatan wancan zamani da ƙafa da jaki da raƙumi suke tafiya, su tsaya su yi noma ko ƙodago su sami guzuri, su ƙara gaba har Sawakin a bakin Bahar Maliya su shiga jirgin ruwa. Kakana ya tafi da ƙuruciyarsa, ya dawo da 'ya'ya biyu da aka haifa a hanya. Mai tafiya a lokacin sai ya raba gadonsa ya yi sallama irin ta mutuwa.

Jiragen farko da suka sauka a ƙasar nan ma ta wannan hanyar suka zo. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano, sun taso daga Masar sun biyo ta Sudan suna yada zango, kwanaki suka yi a hanya. Ban faɗi wannan don in hana Alhaji ƙorafinsa ba, kwana biyu a sansani ba daɗi, ni ma na ɗanɗana. Amma ku gaya wa Hajiya ƙanwata cewa dajin da za ta ratsa tsakanin Azahar da Isha'i, idan ta leƙa taga ta ga jan rairayi ba iyaka, nan ne mutanenmu suka yi shekaru suna takawa.

Alhaji ɗan kasuwa, Tudun Hatsi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, an rufe mini baki ta wannan gefen. Amma ina nan a kan bakana game da lissafin ƙofa zuwa ƙofa. Daga Gombe zuwa Kano ta Dukku da Darazo, ni ban taɓa yin ƙasa da awa shida ba idan an haɗa da tsayawar salla da shingayen hanya. Jirgin zuwa ƙasar waje ana so ka isa fili awa uku kafin tashi saboda awon kaya da duba fasfo. Ga awa biyar da ɗoriya a sama. A Jidda layin shige da fice da jiran jaka ba su da tabbas, sannan motar Makka fiye da awa guda. Duk wanda ya tara wannan zai ga zaman jirgin bai kai sulusin tafiyar ba. Shawarata kada a kuskura a taso da ita daga Gombe a ranar tashi. A kai ta Kano ta kwana ta huta.

Hajiya ma'aikaciyar jinya, Bolari:
Ƙanena mai tambaya, ni maganar ƙin shan ruwan ce ta tsaya mini a rai, domin na san halin iyayenmu, kunya ce ke sa su haka. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, tana tsotse ruwan jiki ba tare da mutum ya ji gumi ba, kuma mai ciwon suga ba shi da rarar da zai yi wasa da ita. Zaman awa biyar ba motsi ga mai ciwon gwiwa shi ma abin kula ne, shi ne kumburin da Alhaji ya ba da labari. A nema mata kujerar bakin hanya, a haɗa ta da wata mace a ayarinsu wadda za ta raka ta banɗaki sau ɗaya tun da farko ta nuna mata yadda ake kulle ƙofa da yadda ake kora ruwa. Yawancin tsoron daga rashin sani ne, ƙarar ruwan ma kaɗai tana firgita wanda bai saba ba. Ta riƙa motsa ƙafafu tana zaune, ta miƙe ta ɗan taka idan an kashe alamar bel.

Magani kuma a jakar hannu zai zauna, kada a sa shi a babbar jakar da za a auna, tare da ɗan dabino ko biskit saboda ba a san lokacin da za a raba abinci ba. Batun awa biyun da Malam ya bayyana ya shafi maganinta kai tsaye. A ranar tafiya abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin sha da sha, ba lambar da agogon bango ya nuna ba. Ku je wurin likitanta da tikitin a hannu ya rubuta mata lokutan a takarda, musamman idan tana yin allura. A kuma gaya wa wakilin tun yanzu ya nema mata keken marasa lafiya a filayen biyu, domin tafiyar ƙafa a filin Jidda tana da tsawo.

Malamin lissafi, Kumo:
Bari in ƙara abu ɗaya da lissafi ya ba ni, hukuncinsa kuma na bar wa malaman fiƙihu. Mai tafiya gabas rana tana saurin faɗuwa a kansa. Agogon Hajiya na gida zai nuna wajen ƙarfe biyar na yamma ta ga duhu ya fara shiga ta taga, saboda haka lokacin La'asar zai ƙure mata fiye da yadda ta saba, kuma da rana za ta yi aiki ba da agogon hannunta ba. Haka nan miƙati. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa yana cin kilomita 14 a kowane minti, wanda ya tsaya neman jaka bayan an yi sanarwa ya riga ya wuce. Tunda Jidda za su sauka su zarce Makka, ta yi wankanta da shirinta tun a Kano, ya zama niyya da talbiyya kawai suka rage mata a sama. Ta tambayi malamin ayarinsu yadda za ta haɗa sallolinta tun kafin su shiga jirgi.

Mai tambaya, Jekadafari:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba na Bajoga Allah ya ƙara girma. Na karanta wa Hajiya bayanan nan bayan Isha'i. Da ta ji awa biyar ne ba bakwai ba ta ce to wannan da sauƙi, ai ta fi haka zama a motar Kano. Ta yarda za ta sha ruwa, da sharaɗin a zaunar da ita kusa da maƙwabciyarmu da za su tafi tare. Za mu kai ta Kano ana jibi tashi ta kwana biyu a gidan ƙanwarta, saboda hazon da aka ambata da kuma shawarar Alhaji. Agogonta dai ta ce ba mai taɓa mata shi, a lokacin Gombe zai zauna don ta san sa'ar da jikokinta suke tashi daga makaranta, sai dai wayarta ta canza da kanta idan sun sauka. Gobe da safe zan kai tikitin wurin likita. Yaya Hajiya ta Bolari, allurar tata tana buƙatar sanyi, shin za a bar ta ta shiga jirgi da ɗan kwandon ƙanƙara, ko akwai takardar da za mu karɓo daga asibiti?

Hajiya ma'aikaciyar jinya, Bolari:
Ku karɓo takardar likita mai ɗauke da sunanta kamar yadda yake a fasfo, da sunan allurar, a bar maganin a kwalinsa na asali. Akwai 'yar jakar sanyi da ake sayarwa a manyan shagunan magani, ta fi kwandon ƙanƙara, don ƙanƙara tana narkewa ta zama ruwa a hana ku wucewa da ita wurin bincike. Kada allurar ta taɓa ƙanƙara kai tsaye, daskarewa tana lalata ta. Idan kun dawo daga wurin likitan ka turo mini hoton abin da ya rubuta in duba lokutan tare da kai.